Miji da mata a gasar tirayatlon: Daga tekun Hawai zuwa dusar ƙanƙarar Kolorado

Akwai wata gasa da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya, wadda idan aka ba Bahaushe labarinta karon farko zai iya ɗauka zuƙi-ta-malle ce. Mutum zai faɗa teku da sassafe ya yi ninƙaya ta kilomita 3.8. Yana fitowa, jikinsa na ɗigar ruwa, sai ya haye keke ya tuƙa kilomita 180, wato nisan da ya zarce tafiyar Kano zuwa Zariya. Da ya sauka daga keken sai ya sauya takalmi ya shiga gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Duk wannan a yini ɗaya, ba hutu a tsakani, kuma bisa al'ada sa'o'i 17 ake ba shi ya gama. Sunan wasan tirayatlon, wato gasa mai rukuni uku, kuma wannan nau'i nasa mafi tsawo shi ake kira Ironman.

Abin da ya sa muka ɗauko batun a wannan mako shi ne yadda wasan ya zama harkar ma'aurata. Miji da mata su tashi tun duku-duku su nufi wurin ninƙaya tare, su shafe ƙarshen mako a kan keke, idan kuma hunturu ya rufe hanyoyi da ƙanƙara sai su ɗauki katakon zamiya su nausa cikin tsaunukan da babu mai gadi, babu alamar hanya, babu motar asibiti. Masu yin haka suna cewa yana ƙara musu danƙon zumunci, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika sa hotonsa a Instagram ba, wanda ya shafi rai da 'ya'ya da amanar da ke tsakanin mutum biyu. Ɓangarorin biyu za mu duba.

Ma'aurata ne suka haife shi

Tirayatlon irin na zamani ya fara ne ranar 25 ga Satumba, 1974, a Mission Bay da ke birnin San Diyego na Jihar Kalifoniya, inda mutum 46 suka fafata a wata 'yar gasa da Jack Johnstone da Don Shanahan suka shirya. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy. Bayan aiki ya mayar da su tsibirin Hawai, sai suka tarar da wata gardama da ta ƙi ƙarewa tsakanin 'yan wasan garin: tsakanin mai ninƙaya da mai gudu da mai keke, wa ya fi juriya? Maimakon a ci gaba da musu da fatar baki, ma'auratan suka kawo shawarar a haɗa manyan gasanni uku da ake yi a tsibirin Owahu su zama ɗaya, a yi su a jere, kowa ya gwada ƙwanjinsa.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka tsaya a bakin teku. Sha biyu ne suka kai ƙarshe. Gordon Haller, wanda a lokacin yake tuƙin tasi, shi ya zo na ɗaya cikin sa'o'i 11 da minti 46. A shekarar da ta biyo baya Lyn Lemaire ta zama mace ta farko da ta kammala. A 1981 Valerie Silk, wadda ragamar gasar ta dawo hannunta, ta mayar da ita garin Kona da ke babban tsibirin Hawai, inda zafi da iska da baƙin dutsen aman wuta suka mayar da ita zakaran gwajin dafi. Daga nan wasan ya bazu. An kafa ƙungiyarsa ta duniya a birnin Abinyon na Faransa a 1989, kuma ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000, da gajeren zango na ninƙayar kilomita 1.5, keken kilomita 40 da gudun kilomita 10.

Gida ɗaya, 'yan wasa biyu

Duk wanda zai shiga Ironman, ko da ba sana'arsa ba ce, yana buƙatar atisayen sa'o'i goma zuwa ashirin a mako har na tsawon watanni. Ƙwararru kuwa sukan kai sa'o'i talatin. Wannan lokaci daga wani wuri ake yanko shi, kuma galibi daga hirar dare da ziyarar dangi da zaman falo da yara ake yankowa. Har akwai wata ba'a da ta shahara a tsakanin masu wasan, inda ake kiran matar ɗan tirayatlon da gwauruwar Ironman, domin mijin yana raye amma ba a ganinsa. Ga kuma kuɗi: keken gasa mai kyau yana cin dubban daloli, kuɗin rajistar gasa ɗaya ɗaruruwan daloli ne, ban da jirgi da masauki. Saboda haka ma'aurata da yawa suka ga mafita ita ce su shiga tare, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Garin Bolda da ke Jihar Kolorado na daga cikin cibiyoyin wannan rayuwa. Yana gindin tsaunukan Roki, a tudun da ya kai kimanin mita 1,650 sama da teku, wato ya ɗara Jos tsayi. A irin wannan tudu iskar shaƙa ba ta da kauri, sai jiki ya mayar da martani ta hanyar ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar oksijin, abin da ke amfanar ɗan wasa idan ya sauko ƙasa. A nan Mirinda Carfrae, 'yar Ostireliya, da Tim O'Donnell, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, suka kafa gidansu. Carfrae ta lashe gasar duniya ta Kona sau uku, a 2010 da 2013 da 2014. A ta 2014 ta sauka daga keke tana bayan Daniela Ryf ta Suwizalan da fiye da minti 14, amma ta yi gudun fanfalakin cikin sa'o'i 2 da minti 50 ta ƙwace kambun. Sun yi aure a ƙarshen 2013, watanni biyu bayan nasararta ta biyu. Shi kuma O'Donnell ya zo na biyu a Kona a 2019, da sa'o'i 7 da minti 59, ya zama Ba'amurke na farko da ya gama wannan gasa ƙasa da sa'o'i takwas.

A Ingila akwai Lucy Charles-Barclay da mijinta Reece. Dukansu 'yan ninƙaya ne da suka yi rajistar Ironman tare a 2014, ba tare da wata gogewa a tseren keke ba. Da tafiya ta yi tafiya, ya bayyana cewa matar ta fi mijin nisa a fagen, sai Reece ya karkata ga horar da ita. Sau huɗu tana zuwa ta biyu a Kona, a 2017 da 2018 da 2019 da 2022, kafin ta yi nasara a 2023 da sa'o'i 8 da minti 24, tana gaba tun daga ruwa har layin ƙarshe. Haka nan Jan Frodeno na Jamus da Emma Snowsill ta Ostireliya, waɗanda kowannensu ya ci lambar zinare a Olamfik ɗin Beijin na 2008 kafin daga baya su zama miji da mata.

Darasin farko da ke cikin waɗannan gidaje shi ne, atisaye tare ba yana nufin gudu kafaɗa da kafaɗa kullum ba. Masanin motsa jiki Stephen Seiler, Ba'amurke mazaunin Norwe, ya bibiyi yadda zakarun wasannin juriya ke atisaye, ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na aikinsu a hankali suke yin sa, a matakin da mutum zai iya hira yana gudu. Kashi 20 ne kacal mai tsanani. To ga inda gizo ke saƙa: abin da yake a hankali ga ɗaya yana iya zama mai tsanani ga ɗayan. Idan mai rauni ya dage sai ya bi sawun mai ƙarfi kullum don kada a ce ya gaza, ƙarshensa gajiya ce da targaɗe da tsagewar ƙashi. Idan kuma mai ƙarfi ya riƙa jira kullum yana cin rai a ciki, wata rana maganar za ta fito a teburin abinci. Ma'auratan da suka daɗe a harkar sukan raba: ranar tafiya sannu a fita tare, ranar tsanani kowa ya kama gabansa, a haɗu a gida.

Idan hunturu ya shigo

A Kolorado da Kanada da Norwe da tsaunukan Alps, kakar tirayatlon takan ƙare ne a wajejen Oktoba. Daga nan tafkuna su daskare, tituna su yi santsi, rana ta riƙa faɗuwa tun kafin a tashi daga aiki. Ɗan wasa na da zaɓi biyu. Ko dai ya kulle kansa a gareji yana tuƙa keken da aka kafe wuri ɗaya, yana kallon allon manhaja irin su Zwift, ko kuma ya fita ya rungumi sanyin. Masu zaɓi na biyu suna ƙaruwa, kuma suna da hujja ta kimiyya. Zamiya a kan dusar ƙanƙara tana sa hannuwa da ƙafafu da baya aiki lokaci ɗaya, ba tare da dukan gwiwa da gudu a kan kwalta ke jawowa ba. Shi ya sa 'yan tseren zamiya na ƙasashen Sikandinebiya suke cikin mutanen da aka auna huhunsu da zuciyarsu aka samu suna sarrafa iskar oksijin fiye da kusan kowa. Har ma akwai tirayatlon na hunturu, mai haɗa gudu da keken tsauni da zamiya, wanda ake yin gasarsa ta duniya tun 1997.

Amma abin da ya fi jan hankalin ma'auratan shi ne hawan tsauni da katakon zamiya a wuraren da ba na shaƙatawa ba. Bambancin yana da girma. A wurin shaƙatawa akwai na'urar da ke ɗaga mutane zuwa sama, akwai ma'aikata da ke fita da asuba su tarwatsa dusar da ke barazana da nakiya, akwai masu ceto a kusa. A bayan tsauni babu ko ɗaya. Mutum zai manna wata fata mai gashi a ƙarƙashin katakonsa, wadda a da ta dabbar teku ce, yanzu kuma ta gashin akuyar Angora ko ta roba. Gashin yana barin katako ya zame gaba amma ya hana shi komawa baya. Da haka zai yi ta hawa sa'o'i uku ko huɗu, ya kai ƙololuwa, ya ɓare fatar, ya gangaro cikin 'yan mintoci. Ga mai neman juriya, wannan hawa atisaye ne da ba a samun kamarsa a gareji. Wasan ya bunƙasa har an shigar da shi cikin wasannin Olamfik na hunturu na 2026 a Italiya.

Shahararrun da suka gina rayuwarsu a kan wannan tsari su ne Kilian Jornet, ɗan yankin Kataloniya na Sifen, da abokiyar zamansa Emelie Forsberg 'yar Suwidin. Su ba 'yan tirayatlon ba ne, masu tseren tsaunuka ne, amma tsarinsu shi ne abin koyin da yawa daga 'yan tirayatlon: zamiya a hunturu, gudu a bazara. Suna zaune a yankin Romsdal na Norwe, suna renon 'ya'yansu a gindin tsaunukan da suke hawa. A ƙasar Norwe ɗin ce kuma ake yin gasar Norseman tun 2003, inda 'yan wasa ke dirowa daga jirgin fito cikin ruwan sanyi na mashigin Hardanga da asuba, su ƙare a kan tsaunin Gaustatoppen mai tsayin mita 1,883. Dokar gasar ta wajabta wa kowane ɗan wasa ya zo da mai tallafa masa, kuma ba a barinsa ya hau zangon ƙarshe na tsaunin shi kaɗai. Masu shirya gasar sun san cewa mutumin da ya shafe yini yana wahala ba a dogara da hukuncinsa a kan dutse.

Yadda dusar ƙanƙara ke kisa

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, dusar ƙanƙara tana kama da tarin auduga ko garin fulawa. A haƙiƙa hawa-hawa take. Kowane zubi yana shimfiɗa nasa falle a kan na baya, kuma sanyi da iska da rana suna sauya kowane falle. Wani lokaci fallen da ke ƙasa yakan rikiɗe ya zama tsaba-tsaba kamar sukari, ba ya manne wa komai, sannan wani falle mai nauyi da ƙarfi ya zauna a kansa. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya na ƙasan. Tsagewar takan bazu cikin ƙiftawar ido, sai gaba ɗaya fuskar tsaunin ta ɓalle ta gangaro da gudun da ke iya wuce kilomita 100 a sa'a. Wannan ita ce zaftarewar dusar ƙanƙara. Ta fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wanda kuma shi ne gangaren da masu zamiya suka fi jin daɗi. Kolorado, saboda tsananin sanyinta da rashin kaurin dusarta, ta yi ƙaurin suna wajen irin wannan ruɓaɓɓen falle, kuma ita ce jihar da ta fi asarar rayuka ta wannan hanya a Amurka.

A ƙasashen tsaunukan Alps kimanin mutum 100 ke mutuwa ta haka kowace shekara. A Amurka hunturun 2020 zuwa 2021 ya ci mutum 37, 12 daga cikinsu a Kolorado. A kusan tara cikin goma na haɗurran da suka yi kisa, wanda abin ya rutsa da shi ko wani cikin tawagarsa ne ya tayar da zaftarewar. Idan dusar ta tsaya takan daskare ta yi tauri kamar kankare, wanda ta binne ba ya iya motsa ko yatsa, kuma akasarin mamatan rashin iska ke kashe su. Ƙididdigar da aka tattara a Suwizalan ta nuna cewa idan aka tono mutum cikin kusan minti 15, tara cikin goma suna rayuwa. Idan aka kai minti 35, kusan uku ne cikin goma.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce jirgin ceto ba zai iso a kan lokaci ba. Mai ceton mutum shi ne wanda suka fito tare. Saboda haka ƙa'ida ta tanadi kowa ya ɗauki abu uku: na'urar sigina da ake ɗaurawa a jiki a kunne, doguwar sandar caka dusa don gano wanda aka binne, da shebur. Kuma ba a tsallaka gangare mai haɗari a tare. Ɗaya zai tsaya a wuri mai aminci yana kallo har ɗayan ya ƙetare, domin idan tsautsayi ya faɗa a samu mai tono. Miji da matar da suka fita su biyu, kowannensu shi ne motar asibitin ɗan uwansa.

Tarkon da so ke ɗanawa

Mai karatu zai iya cewa ai waɗannan mutane ne masu ƙarfi da horo, sun fi kowa sanin yadda za su kare kansu. A nan ne matsalar take. Ƙarfin huhu yana kai mutum nesa da sauri, amma ba ya koya masa karanta dusa. Ɗan tirayatlon zai iya hawa cikin sa'o'i biyu inda talaka zai kwashe yini, don haka yakan tsinci kansa a wuraren da iliminsa bai kai ba. Sannan tarbiyyar wasan nasa gaba ɗaya a kan abu ɗaya aka gina ta: kada ka tsaya, kada ka saurari ciwo, ka kai layin ƙarshe ko da rarrafe. Hoton da ya fito da Ironman a idon duniya ma shi ne na Julie Moss a 1982, tana rarrafe zuwa layi bayan ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Wannan hali yana kawo lambar yabo a Kona. A kan tsauni kuwa, wanda ya iya juyawa gida ana saura mita ɗari ya kai ƙololuwa shi ke tsufa.

Wani mai bincike Ba'amurke, Ian McCammon, ya nazarci haɗurra fiye da 700 da suka auku a Amurka daga 1972 zuwa 2003. Ya gano cewa da yawa daga waɗanda abin ya shafa sun ga alamun haɗari ƙarara, amma wasu halaye na ɗan Adam suka rufe musu ido. Akwai sabo da wuri, wato ai kullum nan muke bi. Akwai nacin cika burin da aka riga aka ƙulla. Akwai miƙa wuya ga wanda ake ganin shi ne gwani a tawaga. Akwai kwaɗayin riga wasu shiga sabuwar dusa. Akwai kuma son burgewa, inda ya lura cewa tawagar da ta haɗa maza da mata takan jefa kanta cikin haɗari fiye da ta maza zalla. Idan aka ɗora waɗannan a kan ma'aurata, za a ga kusan duka suna aiki lokaci ɗaya. Miji ba ya son matarsa ta ga tsoronsa. Mata ba ta son a ce ita ta ɓata fitar da aka yi wata guda ana shiryawa, aka nemo mai zama da yara, aka tuƙo mota sa'o'i uku. Kowa ya yi shiru yana zaton shirun ɗan uwansa alamar natsuwa ce.

Yawan gwanaye ma ba ya hanawa. A Fabrairun 2012, a Tunnel Creek da ke Jihar Washinton, tawagar mutum 16 da ta ƙunshi ƙwararru ta shiga wani gangare bayan an zuba sabuwar dusa mai yawa. Uku suka mutu. Daga baya wasu cikin waɗanda suka tsira sun bayyana cewa zuciyarsu ba ta kwanta ba tun farko, amma babu wanda ya furta. A Oktoban 2017, a tsaunin Imp da ke Jihar Montana, zaftarewa ta binne Inge Perkins, 'yar shekara 23, a gaban saurayinta Hayden Kennedy, ɗaya daga cikin fitattun matasan mahaya tsauni na Amurka. Na'urar siginarta tana cikin jakarta a kashe. Ya yi ta nema bai same ta ba, kuma bai iya ɗaukar nauyin rashin ba, washegari shi ma ya bar duniya. A Satumban 2022, Hilaree Nelson, uwar yara biyu, wadda ita da abokin rayuwarta Jim Morrison suka kafa tarihin gangarowa daga ƙololuwar Lhotse a 2018, ta rasu a tsaunin Manaslu na ƙasar Nefal suna saukowa tare. Morrison na cikin waɗanda suka gano gawarta bayan kwana biyu.

Jornet da Forsberg kansu sun taɓa shiga tsaka mai wuya. A Satumban 2013 yanayi ya juya musu a wani bangon dutse da ke saman garin Shamoni na Faransa, suna sanye da kaya marasa nauyi, sanyi ya fara cin ƙarfinsu. Sai suka kira jandarmomin ceto, aka sauko da su. An yi musu ca a kafafen yaɗa labarai kan ƙarancin shiri, kuma sukar tana da tushe. Amma sun zaɓi jin kunya a kan taurin kai, kuma ga su a raye suna renon 'ya'ya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haƙƙin waɗanda aka bari a gida

Haɗari bai tsaya a kan tsauni ba. A Maris na 2021, Tim O'Donnell yana tsakiyar tseren keke a wata gasa a Mayami ya ji ciwo a ƙirji yana sauka hannunsa. Ya daure, ya gama keken, ya yi gudun, ya ƙare gasar. Sai bayan haka aka kai shi asibiti, likitoci suka tarar babbar jijiyar da ke ba zuciyarsa jini ta toshe da kusan kashi 80 cikin 100, suka sa masa ɗan bututun buɗe jijiya. Yana da shekara 40, ga ƙananan yara biyu a gida. Ya warke har ya koma Kona a 2022, amma labarinsa ya tabbatar da abu biyu: ƙarfin jiki ba ya maye gurbin ganin likita, kuma mutumin da ya saba danne ciwo yana iya danne wanda zai kashe shi.

A ra'ayinmu, ba daidai ba ne a yi wa waɗannan ma'aurata kallon mahaukata. A zamanin da hawan jini da ciwon sukari ke cin mutane a ko'ina, har da garuruwanmu, miji da matar da suka mayar da motsa jiki abin yi tare sun riƙi wani abu mai daraja. Sun san numfashin juna, sun ga juna a ranar nasara da ranar kuka, kuma 'ya'yansu suna tashi suna ganin uwa da uba suna wahala kan buri ɗaya. Amma da zarar an haifi yaro, ran iyaye ya daina zama nasu su kaɗai. Ma'auratan da suka tsaya a gangare ɗaya a lokaci ɗaya sun ɗora makomar marayu a kan falle ɗaya na dusa.

Masu koyar da wannan fanni suna da ƙa'idojin da suka dace da kowane gida. A duba sanarwar haɗari ta ranar, wadda ke da mataki biyar, a kuma tuna cewa a mataki na uku aka fi mutuwa, domin a nan ne haɗarin yake da girma amma bai kai ya hana mutane fita ba. A gwada na'urar juna a bakin mota kafin a ɗaga ƙafa. A tsayar da lokacin juyawa tun daga gida, lokacin da hankali ke kwance. A sanar da wani inda aka nufa da sa'ar dawowa. Mafi girma duka, a yarda cewa fita sai da amincewar kowa, amma komawa gida muryar mutum ɗaya ta isa, kuma ba a tambayarsa hujja, ba a yi masa gori a hanya.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ma'aunin auren kansa. Gidan da mata za ta iya ce wa mijinta, "Maigida, raina bai kwanta ba, mu koma," ya juya ba tare da ɓacin rai ba, kuma miji zai iya faɗa wa matarsa cewa ƙirjinsa na ciwo ba tare da jin girmansa ya zube ba, shi ne gidan da zai ga kaka ta gaba. Tsaunin yana nan baɗi, gasar ma za a sake buɗe rajistarta.